Yadda Ake Neman Idon Na Waje Don Gyara Dabarar Aiki Kafin A Zuba Mata Kuɗi

Wanda ya shekara goma yana aiki a gidan burodi ba ya jin ƙamshin burodi. Wanda ya daɗe a majema ma ba ya jin warin fata. Hanci ya saba, ya daina kula. Ido ma haka yake yi a wurin aiki. Layin da mutane ke bi sau biyu saboda sa hannu ɗaya, da takardar da ake cikewa kullum ba mai karanta ta, duk sukan koma kamar bango, a wuce su ba a gani. To in wata dabara ta zo maka ta gyara aiki, da wannan idon da ya saba ka ƙulla ta, kuma abokan aikin da za ka nuna wa irin idonka gare su. Shi ya sa ake tashi daga taro kowa ya ce ta yi, bayan wata uku abin ya kife, a rasa inda aka kuskure.

A birnin Landan akwai asibitin yara mai suna Great Ormond Street, wanda ya yi suna wajen tiyatar zuciya. Likitocinsa sun san cewa ɗaya daga cikin lokutan da suka fi haɗari ga yaro shi ne 'yan mintocin da ake ɗauko shi daga ɗakin tiyata a miƙa shi ga sashen kulawa ta musamman. A nan ake cire wayoyi da bututai daga wannan na'ura a jona su a waccan, a nan kuma ake faɗa wa masu karɓarsa abin da aka yi masa. Wata rana likitoci biyu, Martin Elliott da Allan Goldman, suna kallon tseren motoci na Formula 1 a talabijin bayan sun fito daga aiki, sai suka ga mutum kusan 20 sun rufu a kan mota ɗaya, sun canza tayoyi huɗu sun zuba mai cikin kimanin daƙiƙa 7, babu wanda ya tare wa wani hanya. Suka tashi takanas zuwa Italiya wurin ma'aikatan Ferrari, kamfanin da ke ƙera motoci yana kuma shiga tseren da su, aka kuma ɗauki bidiyon yadda ake miƙa yaro a asibitin aka nuna musu. Makanikan ba su san komai a kan zuciyar jariri ba. Amma sun ga hayaniya, sun ga mutane suna magana a lokaci guda, kuma sun kasa gane wa ke jagorantar aikin. A wurinsu a lokacin akwai mutum ɗaya tak da ke tsaye gaban mota riƙe da allo, in bai ɗaga ba direba ba ya motsawa.

Ƙwararrun likitoci sun yi shekaru a cikin wannan hayaniyar ba su ji ta ba. Abin da ke biye bayani ne na yadda za ka samo wa dabararka irin wannan idon, ko a ofis kake, ko a makaranta, ko a shago.

Mataki na farko: raba ciwon da maganin da ka tanada

Ɗauki takarda ɗaya ka ja layi a tsakiya. A sama rubuta abin da ke damun aikin cikin jimla biyu ko uku, da adadi in kana da shi. A ƙasa rubuta dabararka.

Mu ɗauki misali da za mu riƙe har ƙarshe. A ce kai ne ke kula da shagon ɗinki mai teloli takwas. Kowace sallah sai an saɓa wa mutane alkawari, shaddar wannan ta tafi gidan wancan, wani a ɗinka masa da awon ƙanensa. Wannan shi ne ciwon. Dabararka ita ce a sayi kwamfuta da manhaja a riƙa shigar da suna da awo da ranar karɓa.

Dalilin jan layin shi ne, in ka tari mutum da maganar kwamfuta, hirar gaba ɗaya za ta koma kan kwamfuta: wace iri, nawa take, ina wuta, a sa sola ko a'a. Babu wanda zai tambaye ka ko kwamfutar ce ma maganin. In ka tare shi da ciwon, ka bar masa fili ya nuna maka hanyar da ba ka hango ba.

Sannan ka sake rubuta ciwon ba tare da kalmomin sana'arku ba. Wannan shi ne wurin da mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ke buɗe ƙofa. Likitocin nan da sun ce matsalarsu ta tiyatar zuciya ce, da likitocin zuciya kaɗai za su iya tambaya. Da suka gane matsalar ta hannu da yawa ce a kan aiki ɗaya cikin ƙanƙanen lokaci, sai makanike ya zama malami. Kai ma ka ce: kayan mutane masu yawa, masu kama da juna, a wuri ɗaya, kowa da ranar da zai zo karɓa. Yanzu ka duba unguwarku. Mai wanki da guga yana fama da wannan. Mai injin niƙa yana fama da shi. Mai karɓar saƙo a tasha ma haka. Ga kuma mai cajin waya, wanda ke tara wayoyi da batura iri ɗaya fiye da ɗari a kan allo, ya manna wa kowace lamba, ya ba mai ita kati, da yamma kowa ya tafi da tasa.

Mataki na biyu: fita da ita tun tana ɗanya, amma da izini

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ka riga ka sayi kwamfutar, ka sanar da kowa, ka sa rana, to abin da kake nema yabo ne, kuma kunnenka zai ƙi duk wata magana da ba yabo ba. Lokacin da ya dace shi ne sanda dabarar ta yi kamannin da za a iya nunawa, amma watsar da ita ba zai ci maka komai ba sai takarda.

In ba kai ne mai wurin ba, ka fara sanar da na gaba da kai. Ba sai da doguwar wasiƙa ba: "Ranka ya daɗe, ina so in ji ta bakin mutum huɗu ko biyar a kan matsalar nan kafin in kawo maka tsari, ba zan fitar da sirrin aiki ba." Shugaban da ya ji daga waje cewa yaronsa na yawo da maganar ofis zai kashe dabarar ko da ta zinariya ce. Ka kuma tsayar da abin da ba zai fita ba: farashin da kuke sayo kaya, albashi, sunaye da lambobin wayar abokan ciniki. A Najeriya ma akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, don haka maganar ta wuce ta ladabi kawai.

Tsoron kada a sace maka dabara yana da tushe, amma yawanci ya fi ƙarfin haɗarin. Mai cajin waya ba zai buɗe shagon ɗinki gobe ba. Abokin gasarka na kai tsaye kawai za ka yi wa taka-tsantsan.

Mataki na uku: zaɓi mutanen

Nan ne aikin yake. Mutum huɗu zuwa shida sun isa, matuƙar ba daga kwano ɗaya suke ci ba.

Na farko shi ne wanda abin zai faɗa a kansa: abokin ciniki, uban ɗalibi, mai jinya. Kada ka tsaya kan masu ƙaunarku. Ka nemi wanda ya daina zuwa. Mutumin da ya yi shekara uku yana kawo ɗinki sannan ya ɗauke ƙafa, yana riƙe da labarin da babu wanda zai ba ka a cikin shago. In mafi yawan masu kawo muku aiki mata ne da ke cikin gida, to kada ka ɗauki maganar yaron da ake aikowa a matsayin tasu. Ka wakilta mace, abokiyar aiki ko 'yar'uwarka, ta shiga ta zauna da su. Abin da za su faɗa mata ba za su faɗa maka ta waya ba.

Na biyu na cikin gida ne amma ba a kiransa taro: mai gadi, masinja, direba, mai shara, yaron shago mai sa maɓalli. Shi ke ganin fuskar mutane sanda suka fita, shi ke jin abin da suke faɗa a bakin ƙofa bayan sun yi wa maigida murmushi a ciki.

Na uku shi ne mai wata sana'a dabam da ke fama da ciwo irin naka, kuma a ganina shi ya fi kowa amfani. A 1913 kamfanin Ford ya fara haɗa motoci a kan layi mai tafiya, kuma daga cikin wuraren da mutanensa suka ga wannan tsari akwai mayankar birnin Shikago, inda ake rataye nama a ƙugiya yana tafiya, kowane mahauci na tsaye wuri ɗaya yana cire nasa ɓangaren. Su suna wargazawa, Ford ya juya abin ya zama haɗawa. Lokacin haɗa mota ɗaya ya sauko daga sama da awa 12 zuwa kimanin awa ɗaya da rabi.

Mu kuma muna da misalin da muka tashi da jin sa. A shekara ta 5 bayan hijira, da rundunar taron dangi ta kusan mutum 10,000 ta nufo Madina, Salmanul Farisi, Allah Ya yarda da shi, ya kawo shawarar a haƙa gwalalo a ɓangaren da garin yake buɗe. Dabara ce ta ƙasar Farisa, Larabawa ba su saba yaƙi da ita ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓa, ya shiga haƙan da hannunsa, kuma dawakin maƙiya suka zo suka yi cirko-cirko. Jarumai na nan cike da gari, amma wanda ya girma a wata ƙasa shi ya zo da abin da ba ya cikin tunanin kowa.

Na huɗu shi ne wanda bai san komai a kan aikin ba: ɗalibi mai kaifin kai, ko sabon ma'aikaci da bai cika wata ba. Shi ba ya jin kunyar tambayar "don me?" Sabon ma'aikaci kuwa ka yi maza, domin kafin wata uku idonsa ya zama irin naku.

Akwai waɗanda za ka tsallake a wannan zagayen. Duk wanda abincinsa ke hannunka, zai iya faɗa maka abin da ya gani, amma da wuya ya ce dabararka ba ta yi ba. Mahaifiyarka za ta sa maka albarka, kuma kana buƙatarta, amma albarka daban, gyara daban. Haka kuma mai kushe komai da komai, domin sukarsa ba ta nuna maka wuri, ko'ina ɗaya ne a wurinsa.

Mataki na huɗu: kai shi ya gani, kai ma ka je ka gani

Gani ya kori ji. In ka zauna kana ba mutum labarin yadda kuke aiki, abin da idonka ya riga ya tace za ka ba shi, wato ka ɓoye masa ainihin abin da ka kira shi ya gano. Ka gayyace shi ya zauna a shagon awa ɗaya a lokacin da aiki ya fi zafi. Kada a share wuri saboda shi, kada a gargaɗi yara. In ba zai iya zuwa ba, ɗauki bidiyo da waya na minti goma, da yardar waɗanda za su fito a ciki, kamar yadda asibitin nan ya yi.

In takarda ce, ko fom, ko manhaja, miƙa masa ka ce ya yi amfani da ita, kai kuma ka rufe bakinka. Zai tsaya, zai juya ta, zai kalle ka. Kada ka ce "ai nan za ka danna". Wurin da ya tsaya shi ne abin da ka zo nema, kuma ranar da abokin ciniki zai riƙe ta ba ka kusa balle ka nuna masa.

Sannan ka rama ziyara. Je ka zauna a rumfar mai caji da yamma lokacin da ake karɓar wayoyi. Gaisa, ka faɗi abin da ya kawo ka a fili: "Malam, na ga kana riƙe da kayan mutane da yawa ba sa rikicewa, mu kuwa namu na rikicewa, shi ne na zo in koya." Da wuya ka samu mai sana'ar da za a ce an zo koyo wurinsa ya ƙi buɗe baki. Ka lura da abin da hannunsa ke yi fiye da abin da bakinsa ke faɗa. Za ka ga lambar tana hawa kan waya tun kafin mai ita ya juya baya, ba a ajiye ta "sai an jima". Za ka ga ba ya ba da waya sai da kati, ko da ya san mai ita. Shi kansa ba zai lissafa maka waɗannan ba, domin shi ma idonsa ya saba da nasa aikin.

Mataki na biyar: yi tambayar da kara ba za ta cinye ba

Mu mutane ne masu kara, kuma kara abu ne mai kyau, ita ke riƙe da zumunci. Amma in ka ce wa mutum "ya ka ga dabarar nan?" amsar da za ka samu ita ce "Masha Allah, Allah Ya sanya alheri." Bai yi maka ƙarya ba, addu'a ya yi maka. Laifin na tambayar ne.

Ko manyan kamfanoni sun faɗa wannan ramin. Kafin Coca-Cola ta sauya ɗanɗanon lemonta a ranar 23 ga Afrilu 1985, ta ba mutum kusan 200,000 sun ɗanɗana ba tare da sun san wanne ne wanne ba, kuma mafi yawa suka zaɓi sabon. Aka janye tsohon daga kasuwa. Jama'a a Amurka suka yi ca, wasiƙu da kiran waya suka yi ta zuba, bayan kwana 79 kamfanin ya dawo da tsohon. An tambayi mutane wanne ya fi daɗi a baki. Abin da ba a auna da kyau ba shi ne yadda za su ji in aka raba su da wanda suka tashi da shi. Yawan waɗanda aka tambaya bai gyara karkatar tambayar ba.

Don haka ka tambayi abin da ya riga ya faru, ka bar abin da zai faru. "Za ki so mu riƙa turo miki saƙo in ɗinki ya kammala?" kowa zai ce e. Madadin haka: "Hajiya, ɗinkin da kika kawo na ƙarshe, ba ni labarinsa tun daga ranar da kika aiko har ranar da ya isa hannunki. Sau nawa kika turo yaro?" A cikin wannan labarin za ka ji inda ya yi mata ciwo, ba tare da ta ji tana kai ƙarar kowa ba.

Ga wanda ya zauna ya kalli aikinku, ka ce: "Me ka gani da ya ba ka mamaki?" da kuma "Ku a wurinku yaya kuke yi da irin wannan?" In har za ka nuna dabararka, to sai a ƙarshe, bayan ya gama faɗin nasa, kuma ka kawo ta tare da wata: kwamfuta ko katin lamba, wanne ya fi saurin lalacewa a hannun yara? Mutum ya fi sakin jiki ya kushe ɗaya cikin biyu a kan ya kushe tilon abin da ka ɗora a gabansa.

Akwai wata tambaya da wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, Gary Klein, ya yaɗa, kuma tana aiki ƙwarai. Ka ce wa mutum ya ɗauka shekara ta zagayo, an aiwatar da dabarar kuma ta rushe, sai ya faɗi abin da ya rusa ta. Hikimarta ita ce ka ɗauke masa nauyin zama mai mugun fata, tunda kai ka ce ta rushe, shi dalili kawai zai kawo. A wurinmu ka share fage tukuna: "Baba, ba fata muke ba, Allah Ya kiyaye, amma a ce hakan ta faru, ta ina kake jin ɓarakar za ta fito?" A nan za ka ji ana cewa yaron da ya iya kwamfutar zai samu makaranta ya tafi, ko ranar jajibiri babu mai lokacin zama ya danna komai.

Ka gana da su ɗaya bayan ɗaya. In ka tara su, babba zai fara magana, saura su ce abin da Alhaji ya faɗa shi ne. Kafin ka tashi kuma ka tambaya wa ya kamata ka gani bayan shi.

Mataki na shida: riƙe bakinka, riƙe biro

Da zarar an taɓa dabararka za ka ji zuciyarka ta yunƙuro da "ai dalilin da ya sa". Haɗiye ta. Kare kai sau ɗaya ya isa ya sa mutum ya koma wa "Allah Ya sanya alheri", kuma ba zai sake fitowa ba. Abin da aka yarda ka ce shi ne "ƙara min bayani" da "ba ni misali". Rubuta maganarsa da kalmominsa, kada ka gyara ta zuwa yadda za ta yi maka daɗi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Mataki na bakwai: tace abin da ka tara

Ka bar takardun su kwana biyu, zafin suka ya huce. Sannan ka raba kowace magana gida biyu: abin da mutumin ya gani, da maganin da ya bayar.

Abin da ya gani ka riƙe shi da hannu biyu. In mai caji ya ce ya ga an karɓi yadi uku an ajiye a kan tebur ba a rubuta komai a jikinsu ba sai da mai shago ya dawo daga salla, wannan shaida ce, ba ra'ayi ba. In mutum uku da ba su san juna ba suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, to akwai dutse a wurin, ko da kai ba ka taɓa jin sa ba.

Maganin da ya bayar kuwa sai an auna. A nan ne maganar mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo take da gaskiya. Baƙo bai san kuɗin da ke akwai ba, bai san dokar da ta ɗaure ku ba, bai san an taɓa gwada wani abu ya ƙi ba. Mai caji zai ce a manna takarda mai gam, kai ka san gam na ɓata shadda kuma guga zai narkar da shi. Sai ka ɗauki ƙa'idar, wato lamba ta hau kaya a gaban mai su, ka sauya hanyar: ɗan ƙyalle mai lamba da za a ɗinke a gefen yadi, lambar nan a littafin awo, ita ce kuma a katin da za a ba mai kaya.

Asibitin Landan ma haka ya yi. Jariri ba mota ba ne, kowanne da irin lalurarsa, don haka ba su kwafi tsarin Ferrari sukutum ba. Sun ji ta bakin matuƙa jirgin sama ma, sannan likitoci da ma'aikatan jinya suka zauna suka tsara nasu. Likitan da ke sa barci ya zama jagoran miƙawa. Aka jera aikin daki-daki: a fara jona na'urori a tabbatar yaro ya daidaita, sannan a yi bayani mutum ɗaya na magana saura na saurare, daga nan a tattauna abin da za a yi gaba.

Kada ka ji nauyin ajiye shawarar da ba ta dace ba, ko daga wa ta fito. Kuma in tacewar ta nuna dabararka ta farko ce ba ta da amfani, ka ajiye ta. Ka yi asarar takarda ɗaya, kuɗin kwamfuta na aljihunka.

Mataki na takwas: gwada a ƙaramin wuri, ka ƙirga

Kafin ka sauya komai, ƙirga yadda abin yake yanzu: cikin ɗinki 50 na ƙarshe, nawa suka makara, nawa suka rikice. Sannan ka gwada sabon tsari da tela biyu na wata ɗaya, ba a watan azumi ba, ka sake ƙirgawa. Masu binciken asibitin sun bi miƙawa 50, 23 a tsohon tsari, 27 a sabo. Sakamakon da suka wallafa a 2007 ya nuna matsakaicin adadin kurakuran kayan aiki ya sauko daga 5.42 zuwa 3.15 a kowace miƙawa, bayanan da ake mantawa ba a faɗa ba kuma daga 2.09 zuwa 1.07. Da ba su ƙirga tun farko ba, da sai dai a yi ta musu tsakanin masu cewa an samu sauƙi da masu cewa da ma haka yake.

A ƙasar Maraɗi an ga irin wannan. Tony Rinaudo, wani ɗan Ostireliya mai aikin gona, ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya tsaya a hanya, ya dubi 'yan tsirran da ke warwatse a gonaki waɗanda ake sassabewa kowace shekara, sai ya gane tohon kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. In an rage tohon aka bar 'yan ƙalilan masu ƙarfi, itace zai tashi. Manoma ba su karɓa don ya faɗa ba. 'Yan kaɗan ne suka fara gwadawa a gonakinsu, maƙwabta suka ga itacen girki da abincin dabbobi, suka ga gero bai ragu ba, sannan abin ya bazu daga gona zuwa gona har aka kira shi sassaben zamani. An ƙiyasta ya kai aƙalla hekta miliyan 5 a Nijar. Idon baƙo ne ya tsaya a kan kututturen, amma manoman ne suka san wane itace za a bari da yadda za a yi da makiyaya da masu sara.

Mataki na tara: shigar da ita gida, sannan ka koma ka yi godiya

Mutanen da suka shekara suna aiki ba sa son a ce wani daga waje ya zo ya ga aibinsu, kuma suna da hujja. Kada ka shiga shago ka ce mai caji ya ce ba ku iya aiki ba. Ka kawo ciwon da kowa ya sani, da adadin da ka ƙirga, da sakamakon gwajin. Mafi kyau ma, tun a mataki na huɗu ka tafi da babban telan shagon ya gani da idonsa, domin abin da mutum ya gano da kansa ba ya yaƙar sa. A gaban maigida ka faɗi sunan duk wanda ya sa hannu, har da yaron da ya fara nuna inda yadi ke ɓata. Ranar da ka haɗiye ladan wani, ka rufe bakin saura.

Daga nan ka koma wurin waɗanda ka tambaya, ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba ka ɗauki shawararsu ba. Faɗa wa kowa abin da aka yi da maganarsa, in ba a yi amfani da ita ba ka faɗi dalili. Hajiyar da ta ɗauke ƙafa a aika mata cewa saboda abin da ta faɗa an sauya tsari. Mai caji kuwa ka riƙa masa goro, ko ka ce ya kawo yadinsa na sallah, ka nuna masa ƙyallen mai lamba da ya samo asali daga allonsa. Ka tambaye shi ko zai sake leƙowa bayan wata shida, domin zuwa lokacin sabon tsarin ma ya zama bango a idonku.